Matatsar man riɗi a Gadarif da masu neman taimako: ina za a fara, ina za a tsaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu, ni nake riƙe da matatsar man riɗi da injin tankaɗe da ya bari a Gadarif, a gabashin Sudan. Tun da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Madani, rana ba ta faɗuwa ba a zo neman taimako ba: masu takiyya (wurin dafa wa mabuƙata abinci kyauta), kwamitin masallaci, malamin makarantar allo, mai takardar asibiti. Ina bayarwa har ban san nawa ya fita ba. 'Yan'uwana sun fara ƙorafi, a gari kuma ana cewa hannuna bai kai na mahaifinmu sakewa ba. Kwanan nan wani mai fitar da riɗi waje ya tambaye ni tsarinmu na abin da suke kira mas'uliyya mujtama'iyya, wato nauyin al'umma da ke kan kamfani, na rasa abin faɗa. Yaya zan yi wannan abu ya tsaru, ya kuma dace da sana'ar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Na yi shekaru ina riƙe wa 'yan kasuwar amfanin gona littattafan lissafi, kuma abin da ka faɗa na sha ganinsa a gidaje masu mutunci. Ciwon da ke damunka sunansa ɗaya: kuɗi iri uku ka haɗa a aljihu guda. Akwai zakka, akwai sadakarka ta ƙashin kanka, akwai kuma nauyin da ke kan matatsar saboda tana zaune cikin mutane tana cin abinci da guminsu. Kowanne da hukuncinsa da mai shi. Muddin suna cakuɗe, za ka yi ta bayarwa kana jin ba ka yi komai ba, 'yan'uwanka kuma suna jin ana yi musu ɓarna.

Zakka ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ka san ta. Kashi 2.5 cikin 100 na kayan ciniki in shekara ta zagayo, kashi 10 na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, kashi 5 na wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, nisabin hatsi kuma kimanin kilo 653. A Sudan hukuma ce ke karɓa ta hannun Diwanin Zakka, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya mutum takwas da ake ba. Wannan dukiya ba taku ba ce tun asali, saboda haka kada ka sa ta a lissafin alherin da kamfani ya yi. Ka biya, ka adana rasit.

Na biyu ne nake so ka natsu a kansa, domin nan rigimar gidanku take. Mahaifinku dukiyarsa yake bayarwa. In ya ga dama ya kyautar da rabin ribar shekara, ba mai tuhumarsa. Kai kuwa amana ce a hannunka. Matatsar ta magada ce, kuma in akwai ƙananan yara a cikinsu, malamai sun yi ittifaƙi cewa mai kula da dukiyar maraya ba shi da ikon yin kyauta da ita, komai kyawun niyya. Manyan ma sai da yardarsu. Don haka ƙorafin 'yan'uwanka yana da tushe, kada ka ɗauke shi rowa. Masu kwatanta ka da mahaifinku ba su san wannan bambanci ba, kuma ba lallai ne ka tsaya yi wa kowa bayani ba. Ka yanka wa kanka albashi sananne a matsayinka na mai gudanarwa, ka san rabonka na riba, duk wanda zuciyarka ta karye a kansa ka ba shi daga nan. Mai takardar asibiti da ya tare ka a bakin ƙofa, wannan aljihun ne nasa. Akwatin kuɗin matatsa ba a buɗe shi don tausayi na nan take.

Sai na uku, wanda mai fitar da kayan nan ya tambaye ka. Yadda na fi sauƙaƙa wa mutane shi ne: ka ɗauki buhun riɗi guda ka bi sawunsa. Daga gonar da aka shuka shi a watan Yuli, zuwa hannun wanda ya yanke shi a Oktoba, zuwa motar da ta kawo shi kasuwar amfanin gona ta Gadarif, zuwa ɗan dakon da ya sauke shi, zuwa injin tankaɗe, zuwa matatsa, zuwa jarkar da wata uwa za ta saya ta yi wa 'ya'yanta girki, har zuwa umbaz, wato tunkuzar da ta rage bayan an tatse mai, wadda masu shanu ke ɗauka. Duk mutumin da buhun nan ya ratsa ta hannunsa ko ta ƙofar gidansa, shi ne al'ummar matatsarku. Nauyinsu ne a kanku kafin na kowa. Garin Gadarif gaba ɗaya ya fi ƙarfinku, amma waɗannan ba su fi ƙarfinku ba.

In ka bi sawun, abu na farko da za ka nema shi ne inda kuke cutarwa. Na taɓa yi wa wani kamfani lissafi wanda duk azumi yake raba jakunkunan abinci ɗaruruwa, a ɗauki hoto, alhali 'yan dakonsa sai su yi mako biyu suna bin kuɗin aikinsu. Abin ya tsaya mini a rai har yau, don waɗannan 'yan dako su ne suka loda jakunkunan a mota. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Saboda haka ka fara da tambayoyi masu ɗaci. Ana biyan ma'aikata a ranar da aka yi alkawari? Sikelinku yaushe rabon da a gwada shi? Ƙurar injin tankaɗe ina take zuwa, huhun masu aiki ko tsakar gidan maƙwabta? Bel ɗin injin a rufe yake ko yana jiran hannun riga? In yatsan ma'aikaci ya tafi, wa ke biyan magani, wa ke ciyar da gidansa har ya warke? Akwai yaran da ya kamata a ce suna makaranta suna share muku ƙasa? Man da kuke rubuta wa riɗi zalla, zalla ɗin ne? Gyaran waɗannan ba ya fitowa a hoto, kuma shi ne kaso mafi girma na amsar da ake nema a wurinka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Bayan an toshe cuta, sai a zaɓi aiki ɗaya. Ɗaya nake nufi. Hanyar zaɓensa ita ce ka nemo wurin da abin da ke ci wa matatsa tuwo a ƙwarya ya haɗu da abin da ke ci wa mutane. A sana'arku ba sai an yi dogon bincike ba, wurin yana gona lokacin yanka.

Ka fi ni sanin halin riɗi. In ya nuna ba ya jira, kwanso ya bushe ya tsage, tsaba ta zube. Ana yanke shi a ɗaure a jingine a tsaye har ya bushe, sannan a kifa a kakkaɓe. Ƙaramin manomi da ba shi da shimfiɗa a ƙasa yake yi. Wani kaso ya tafi cikin tsagar baƙar ƙasar nan tamu, wanda aka kwashe kuma ya taho da yashi da tsakuwa. Ga ƙwaron nan da ke shiga ƙarƙashin riɗin da aka jingine yana tsotse man tsaba, ya bar ta a motse, man ya yi ɗaci. Manomi ya yi asara sau biyu, a awo da a farashi. Kai ma ka yi asara: ka biya kuɗin mota a kan yashi, injinka ya ci wuta yana tankaɗe ƙasa, kuma tsabar da ya kamata ta ba da kusan rabin nauyinta mai ta ba da ƙasa da haka. To in matatsarku ta ɗauki ƙauye ɗaya ko biyu daga inda kuka saba saye, ta ba manoma tampol da buhuna masu tsabta da iri mai kyau, ta kawo malamin gona ya zauna da su kafin yanka, ta kuma yi alkawarin ƙarin farashi sananne a kan kowane ƙinɗari (ma'aunin nauyin amfanin gona) mai tsabta, wa ya ci riba? Manomi ya ci, ku ma kun ci. Irin wannan aiki ne 'yan'uwanka ba za su ce a daina ba ko a shekarar da kasuwa ta faɗi, domin suna ganin amfaninsa a littafi.

Akwai mataki na gaba da wannan, kuma shi ne na fi so, ko da yake yana son haƙuri. Ka san shel. Manomi ya shiga tsakiyar damina rumbu ya ƙare, ga kuɗin noma, ga ciwo, sai ya je wurin ɗan kasuwar ƙauye ya karɓi kuɗi ko dawa a kan zai biya da amfanin gona a farashin da aka karya ƙwarai. Kaka ta yi, ya kwashe guminsa ya miƙa, ya sake shiga wata shekara da bashi. Wannan ya daɗe yana cin ƙananan manoma a ƙasar nan, har da danginmu. Shari'a ta ba da mafita a cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya a majalisin ciniki, a kan awo sananne, siffa sananna, lokaci sananne, kamar yadda hadisin Ibn Abbas ya zo a Bukhari da Muslim. Bankunan Sudan sun daɗe suna ba da kuɗin noma ta wannan hanya, har suka ƙara sharaɗin da ake kira izalatul gubn, wato in farashin kaka ya yi nisa da wanda aka yanka fiye da sulusi, a gyara don kada ɗaya ya ƙwaru. Matatsa kamar taku za ta iya yin haka da manoma ashirin ko talatin da kuka sani, da rubutu da shaidu. Ku kun tabbatar da riɗin da za ku tatsa, su sun kuɓuta daga shel. Amma ina gargaɗinka, tazarar da ke tsakanin salam na adalci da shel mai sabuwar riga ƙarama ce, farashi ne kawai. In ka karya shi don ka ga mutum a matse, ka koma abin da ka ce za ka kawar. Kuma ka sa a ranka cewa wata shekarar ruwa zai ɗauke ko ya yi yawa, wasu su kasa cikawa. Kada ka saka abin da in ya maƙale injin zai tsaya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Manyan kamfanonin ƙasar nan da suka gane abin haka suka yi. Kamfanin fulawa na Sayga, na rukunin DAL, ya buɗe cibiyar koyar da masu gidajen burodi da matan gida sana'ar gashi. Mai fulawa ya koya wa mutane sarrafa fulawa: sun samu sana'a, shi kuma kasuwarsa ta faɗaɗa. Bai je neman aikin da bai san kansa ba.

Tarihin Jazira, yankin noman auduga da ke tsakiyar Sudan, ma yana da darasi, kuma ya shafe mu kai tsaye. An kammala madatsar Sinnar a 1925, aka fara noman auduga na ban ruwa. Da hukumar Jazira ta karɓi aikin daga hannun kamfanin Turawan Ingila a 1950, sai aka ware kashi 2 cikin 100 na ribar auduga don raya jama'a, aka haƙa rijiyoyi, aka yi yaƙi da jahilci a ƙauyukan masu hawasha, wato manoman da aka ba gonaki a aikin. Tsari ne mai kyau, kaso sananne daga riba zuwa aiki sananne. Sai dai masu tsinkar audugar, waɗanda da yawansu iyayenmu ne da kakanninmu da suka zo ta hanyar hajji, da mutanen yammacin Sudan, sun zauna a kambo, wato sansanin 'yan ƙodago, shekara da shekaru ba ruwa mai kyau ba makaranta. An lissafa mai gona, an manta mai aikin gona. Ina kawo wannan ne don kada ka maimaita shi a ƙaramin ma'auni. Riɗin Gadarif 'yan ƙodago ne ke yanke shi, waɗanda ake kira jungo, da masu tsallakowa daga Habasha lokacin kaka. Ruwan da suke sha na hafir ne, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, kwana a fili. Yankinmu kuma, musamman ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara, gidan cutar kala'azar ne, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda ke yaɗawa a inda itatuwan ɗalha da aduwa suka yi yawa. Zazzaɓi ne mai daɗewa, saifa ta kumbura, mutum ya rame, in ba a yi magani ba kusan kullum kisa take yi, alhali tana warkewa in an kai asibiti da wuri. Ganga biyu na ruwa mai tsabta a bakin gona, gidan sauro mai ƙananan ƙofofi, da yarjejeniya cewa duk wanda zazzaɓinsa ya wuce mako biyu motarku za ta kai shi gwaji, wannan bai fi ƙarfin matatsa ba. Ka sa shi cikin aikin ƙauyukan nan da ka zaɓa.

Yanzu nawa za a ware? Ƙasar Indiya ta sa a dokar kamfanoninta ta 2013 cewa manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekara uku da suka wuce. Ba dokarmu ba ce, amma abu biyu a cikinta sun yi mini: kason na riba ne, kuma ana ɗaukar matsakaicin shekaru, don kada shekarar albarka ta sa a yi alkawarin da shekarar fari ba za ta iya cikawa ba. Ku zauna da magada ku yanka naku kason, biyu ne ko uku ko biyar, a rubuta kowa ya sa hannu, rabon ƙananan yara kuma a tambayi malami yadda za a yi da shi. Abin da ya shafi tampol da iri da salam ma ba sai ya fito daga wannan kaso ba, kuɗin sana'a ne, a littafin sayen kaya yake zama.

Kuma kada ka yanka kason da fam, kuɗin Sudan. A 2021, tun kafin yaƙi, hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 300 cikin 100, kuma ka ga abin da ya biyo baya. Alkawarin da aka yi da fam a Muharram ya zama iska kafin Rajab. Ku mai kuke yi, to ku yi alkawari da mai: jarka kaza a wata.

Wannan ya kawo mu kan takiyya. Ba zan ce maka ka rufe ido ba, Allah ya kiyaye. Tun 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, da kuma bayan da ya isa Madani a Disambar shekarar, mutanen da suka shigo Gadarif da kayan jikinsu kawai tukunyar takiyya ce ta riƙe da yawansu, kuma samarin unguwa da matan da ke tsaye a kan wutar nan sun yi abin da tarihi zai tuna. Abin da mai dafa wa ɗaruruwa ya fi buƙata shi ne ya san abin da zai samu mako mai zuwa. Jarka biyu duk Alhamis, ba fashi, ta fi masa jarka ashirin rana ɗaya sannan shiru wata uku. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ka zaɓi takiyya ɗaya ko biyu mafi kusa da matatsa, waɗanda ke ciyar da kowa ba tambayar ƙabila ko ɓangare, ka je da ƙafarka ka ga tukunyar, ka gaya musu adadi da ranar da za a sake duba maganar, a ce bayan wata shida. Ku ba da kaya, kada ku ba da kuɗi, ya fi sauƙin lissafi kuma ya fi nisa da zargi a wannan lokaci da kowa ke sa ido a kan inda kuɗi ke tafiya. In cikin waɗanda suka yi gudun hijira akwai makaniki ko mai lissafi ko direba, kuma kuna da gurbi, ɗaukarsa aiki ya fi duk jarkokin nan.

Sauran masu zuwa fa? Nan ne za ka ji nauyi, na sani, don an haife mu cikin kunyar cewa babu. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne ka cire kanka daga bakin ƙofa. A sa mutum ɗaya amintacce ya riƙe littafi, duk wanda ya zo a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, a rubuta buƙatarsa. Mutum uku, kai da ɗaya daga magada da dattijo cikin ma'aikata, ku zauna sau ɗaya a wata ku duba. A bar ɗan kaso, kamar ɗaya bisa biyar na abin da aka ware, don larurar da ba ta jira, irin haihuwa da ta zo da matsala ko gobara. Wanda ba a samu yi masa ba a gaya masa gaskiya da wuri: bana ƙarfinmu yana kan manoman wuri kaza da takiyyar wuri kaza. A nuna masa ƙofar Diwanin Zakka in yana cikin masu haƙƙi. Mutane suna jure a'a in sun ga ita ake gaya wa kowa. Abin da ba sa jurewa shi ne je-ka-ka-dawo, da ganin an ba wane don yana da baki.

Game da mai fitar da kaya, ka fahimci dalilin tambayarsa. Farin riɗin Gadarif yana tafiya Sin da Masar da Saudiyya da Turkiyya da wasu ƙasashe, masu saye a can kuma suna tambayar daga ina kaya ya fito, wane magani aka fesa masa, su wa suka yi aikinsa. Shi ma tambayarsa ake yi, ya juyo gare ka. Akwai ƙa'idar duniya mai suna ISO 26000 da ta fito a 2010, wadda ta tattara batun a fannoni bakwai, ciki har da haƙƙin ma'aikata, muhalli, gaskiya a ciniki, haƙƙin mai saye da raya al'umma. Jagora ce, ba a ba da takardar shaida a kanta, don haka duk wanda ya zo zai sayar maka da satifiket ɗinta kada ka ba shi ko fam ɗaya. Shafi guda ya ishe ka: ga yadda muke biyan ma'aikata da kare lafiyarsu, ga ƙauyukan da muke saye da abin da muke yi da manomansu, ga abin da muke ba takiyya. Kada ka rubuta abin da ba ku fara ba.

Ka riƙe alƙaluma kaɗan waɗanda za ka iya aunawa da kanka. Yashi da datti kilo nawa ke fita daga kowane ƙinɗari na ƙauyukan nan, bara da bana. Mai nawa ƙinɗarin ke bayarwa. Manoma nawa suka cika alkawarin salam, nawa suka dawo da kansu shekara ta biyu. Kwana nawa aka yi ba wanda ya ji rauni a injin. In bayan kaka biyu alƙaluman ba su motsa ba, ku zauna da manoman ku ji dalili, wataƙila tampol ɗin ya makara, wataƙila ƙarin farashin bai kai ya sa mutum ya canza al'adarsa ba.

Batun a faɗa ko a ɓoye kuwa, aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka, ta kuma ce ɓoyewa ya fi alheri. Sadakarka ta aljihunka ka ɓoye ta. Aikin matatsa kuwa dole magada su gani a rubuce, manoma su san sharuɗɗa, mai saye ya samu amsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar hoton fuskar mabuƙaci yana karɓa. Mutumin da jiya yake da gidansa da motarsa a Khartum, yau yana layi da kwano, bai kamata a ƙara masa da wannan ba.

Ka kira taron magada kafin damina ta yi nisa, ka zo da lissafin abin da ya fita a shekarar nan gwargwadon yadda za ka iya haɗa shi, ko da ba daɗin ji. Tampol da buhuna kuma su isa ƙauye tun a Satumba, domin in riɗi ya fara rawaya ba wanda zai sami lokacin zama da malamin gona. Ka gai da mahaifiyarku da sauran 'yan'uwa.